Bin Sawu A Kan Ruwa

Babu ɗalibi a kwalejin nan wanda bai taɓa jin labarin mazan jiya ba, watau sojojinmu da suka je yaƙin Hitila, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945. Waɗansu sun kara da Italiya a ƙasar Habasha, waɗansu kuwa aka ƙetare teku da su zuwa Indiya, daga can suka shiga kurmin Bama suka gwabza da Japan. Runduna biyu aka haɗa daga Afirka ta Yamma cikin 1943 saboda wannan tafiya, ta 81 da ta 82. Wanda ya san Kaduna ya san barikin Kalapanzin da na Dalet, wanda ya san Zariya kuma ya san barikin Chindit. To, sunayen nan duka daga yaƙin Bama aka samo su. Soja dai yana da lamba, yana da bataliya, yana da kaki da hoto, in ya komo gida ya rataya lambobinsa a ƙirji ran biki kowa ya gani.

Amma akwai waɗansu mutane da suka shiga yaƙin nan ba kaki ba bindiga, su ne ma'aikatan jiragen ruwa na fatauci. Su suka kai sojan nan Indiya, su suka komo da su. Su suka riƙa kai wa Ingila gyaɗa da man ja da kuza sa'ad da Jamus ta yi niyyar kashe ta da yunwa. Fiye da mutum 30,000 daga cikinsu suka halaka a jiragen Ingila, kuma ba Turawa kaɗai ba ne, akwai Indiyawa da mutanen Sin da Larabawa da baƙar fata na Afirka ta Yamma. Ƙanen kakana yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki suka tsira. Na daɗe ina bin sawunsa, ga shi kuwa ruwa ba ya riƙe sawu. Abin da na koya wajen binciken nan shi na ke so in shimfiɗa wa ɗalibai, tun ba masu shirin koyar da tarihi ba, gama hanyar da a kan bi a nemi mutum guda ita ce a kan bi a nemi tarihin gari.

Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan mutumin Kafanchan da teku? Amsar tana tashar jirgin ƙasa. Turawa sun kafa Fatakwal ne don fitar da kwal ɗin Inugu, dogo ya haɗa garuruwan nan biyu cikin 1916. Daga nan aka ja shi arewa ta Makurdi, ya iso nan ya zarce Kaduna, cikin 1927 kuma aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan zuwa Jos. Da aka gama gadar Binuwai a Makurdi cikin 1932 sai hanya ta miƙe sak, ba sauran ƙetare da taragu a jirgin fito. Tun daga lokacin nan kuzar Jos ta garin nan ta riƙa bi zuwa bakin teku. Sa'ad da Japan ta cinye Malaya, Singafo ta faɗi cikin Fabrairu 1942, sai Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, ta juyo kan Jos. Shi ne aka yi aikin tilas ɗin nan da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, daga 1942 zuwa 1944, aka kwashi wajen mutum 100,000 daga larduna zuwa haƙar kuza. Ashe ko wane buhun kuza da ya wuce tashar nan jirgin ruwa ya ke nema. Yaron da ke zuba kwal a injin da ke jan buhunan kuwa, in ya kai Fatakwal ya ga inda su ke shiga, ba abin mamaki ba ne ya yi sha'awar binsu.

Haka ya faru ga ƙanen kakan nawa, wanda zan riƙa ce wa kaka, tun da haka mu ke kiransa. Ya fara da goge inji a loko, ya zama fayaman, ya koyi Buroka wajen abokan aikinsa mutanen kudu, ran nan aka wayi gari ya tafi Fatakwal bai komo ba. Sai bayan yaƙi aka gan shi. Ya rasu ina ƙarami, Allah ya jiƙansa. Abin da na tashi na tarar a gidanmu shi ne labari iri biyu. Waɗansu suka ce ya yi yaƙi a teku, Jamus suka nutsar da jirginsu kusa da Ingila, mutane ɗari-ɗari suka mutu, shi kaɗai ya fita. Waɗansu kuwa, har da tsofaffin sojan Bama na ƙauyenmu, suka ce ƙarya ya ke yi, yawon duniya kawai ya tafi ya komo hannu wofi, in da ya yi yaƙi ina lambarsa? Wannan gori ya bi shi har kabari, ya kuma bi 'ya'yansa. Don haka al'amarin a wurinmu ya wuce nishaɗi.

Aiki na fari shi ne zuwa wurin tsofaffi, kuma shi ya fi gaggawa. Takarda tana iya jiranka shekara goma a ma'ajiya, tsohuwa ba ta jira. Ni wurin gwaggona na fara, babbar 'yarsa. Ga abin da na ga ya yi mini amfani. Kada ka tafi da takarda da alƙalami a hannu kamar mai ƙidayar haraji. Ka gaisa, ka zauna, ka ci abin da aka ba ka. Ka yi magana da harshen gida, ko Jju ne ko Tyap ko Hyam, don abin da mutum ya ji yana yaro da harshen da ya ji shi ya ke ajiye shi. In za ka ɗauki murya da waya ka nemi izini tukuna. Sa'an nan kada ka sa wa tsoho amsa a baki. In ka ce, "Ashe jirginsu ya nutse kusa da Ingila?" za a ce maka i, don a faranta maka rai. Gara ka ce, "Gwaggo, in ya tashi ba ku labarin ruwa, da me ya kan fara?"

Da na yi mata wannan tambaya sai ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, ba ya son labarin. Sai in zazzaɓi ya kama shi, ya riƙa kiran wani gari wai shi Nikolambiya. Ya ce a can wuta da ruwa suka haɗu."

Na ce, "Gwaggo, ya ce gari ne?"

Ta ce, "To, me zai zama in ba gari ba?"

Na rubuta kalmar yadda ta faɗe ta, ban gyara ko harafi ɗaya ba. Ina roƙon ɗalibai su riƙe wannan. Kalmar da ba ka gane ba ita ce ta fi daraja cikin dukan abin da tsoho zai faɗa maka, don ita ce ba a taɓa ba. Labari ya kan yi ƙiba a bakin masu maimaita shi, amma baƙuwar kalma ba mai iya yi mata ado, sai dai a tauna ta kaɗan.

Tsofaffi ba su ba da shekara da lamba, saboda haka sai ka kafa musu turaku waɗanda ka tabbata da su, su ɗaure labari a jiki. A ƙasar nan muna da masu kyau. Akwai ɗiban gwamna da na ambata. Akwai babban yajin aiki na 1945, daga Yuni zuwa Agusta, wanda ya tsai da jiragen ƙasa, ba kuwa garin da zai tuna da shi kamar garin reluwe. Akwai husufin rana na 20 ga Mayu 1947. Da na bi da gwaggo ta wannan hanya sai ta tuna mahaifiyarta ta gaya mata ya tafi tun kafin a fara ɗiban mutane zuwa kuza, ya komo bayan yajin aiki, kuma ran husufi ya riga ya yi aure. Ka ga an sami iyaka gaba da baya ke nan, ba tare da wani ya ambaci shekara ba.

Sai batun suna, nan ne kuwa masu bincike da yawa su kan fāɗi. Mutumin ƙasar nan na zamanin nan ya kan kasance da suna uku ko huɗu. Akwai na gida wanda aka raɗa masa da harshensu. Akwai na Hausa wanda ya ke amsawa a kasuwa da wurin aiki. In ya bi mishan akwai na baftisma, in ya musulunta akwai wanda liman ya ba shi. Sa'an nan akawun da ke ɗaukar ma'aikata ba ya wahalar da kansa, sai ya rubuta sunan da ya fi masa sauƙi ya bi shi da sunan gari, wane Kagoro, wane Zonkwa, ko ma wane Zariya ko wane Jos, don su ne garuruwan da ya sani. A soja haka aka yi, a jirgin ruwa ma abin ya fi haka lalacewa, gama Baturen jirgi da kunnen Ingilishi ya ke ji, da hannun Ingilishi ya ke rubutawa, kuma wani ma'aikaci ya kan shiga jirgi da takardar abokinsa. Kaka yana da suna huɗu. Kafin ka nemi kome a takarda, ka jera dukan sunayen mutuminka, ka rubuta ko wanne ta ko wace hanya da baƙo zai iya rubuta shi. Littafin baftisma na tsofaffin majami'u, irin na Kagoro da Kwoi, ya kan taimaka, don wani lokaci a kan sami sunan gida da sabon suna a layi ɗaya.

Bayan na yi zuwa uku gwaggo ta jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai rasit-rasit na haraji, da katin asibiti, da wata 'yar takarda mai ninki huɗu wadda gara ta ci gefenta. Takardar sallama ce daga jirgi. An buga mata hatimi a Ikko cikin Nuwamba 1943, an rubuta aikinsa fayaman, sunan da ke kai kuwa na Hausa ne da sunan gari. A gurbin sunan jirgi tawada ta koɗe, amma ana iya karanta farkonsa, "New Col". Ashe Nikolambiya ba gari ba ne. Jirgi ne, sunansa New Columbia.

A nan ne babban darasin ya ke. Soja da lambarsa a ke nemansa, amma ma'aikacin jirgin fatauci da jirginsa a ke nemansa. Dalili kuwa shi ne ba gwamnati ta ɗauke shi ba, kamfani ne, kuma ba a kan ɗauke shi don shekaru ba, sai don tafiya guda. In jirgi zai tashi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar yarjejeniya, in jirgi ya komo a biya shi a sallame shi, in yana so ya sake shiga wani. Takardun duka da sunan jirgi da lambar jirgi aka ajiye su. Wanda ya tafi ma'ajiya da sunan kakansa kaɗai, kamar wanda ya shiga kasuwar Kafanchan ne ran kasuwa yana tambaya ko an ga wani mutum mai hula.

New Columbia na kamfanin Elder Dempster ne na birnin Libaful, wanda a zamanin nan shi ke riƙe da yawancin sufurin teku tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma. Tun da can kamfanin a Firitawun ta ƙasar Saliyo ya kan ɗauki ma'aikatansa baƙaƙe, galibi ƙabilar Kuru, waɗanda suka gāji aikin teku. Da yaƙi ya tsananta, hannu ya yi ƙaranci, sai ya shiga ɗaukar 'yan Nijeriya a Ikko. Aikin da a kan ba su shi ne ɗakin inji da ɗakin girki da hidimar fasinja. Wanda ya iya ciyar da wutar injin jirgin ƙasa kuwa ba sai an koya masa da yawa ba.

Ya kamata ɗalibai su san yadda aikin nan ya ke, don kada a zaci shan iska ne. A jirgi mai ƙona kwal akwai masu turo kwal a baro daga rumbu, akwai fayaman da ke watsa shi cikin tanderu da shebur, yana farfasa dunƙulen da ya daskare, yana kwashe toka. Awa huɗu a bakin wuta, awa takwas hutu, dare da rana har a kai gaɓa. Wurin yana can ƙasan jirgi, ƙarƙashin inda ruwa ya ke kaiwa, babu taga. Jiragen Jamus masu nutso kuwa tsakiyar jirgi su kan auna da nakiyarsu mai gudu cikin ruwa, watau daidai inda mutanen nan su ke. In ta sami jirgi, fitilu su mutu, tururi ya fashe, ruwa ya kwararo, mutum ya nemi tsani cikin duhu. Wannan ne wuta da ruwan da kaka ke kira cikin zazzaɓi.

Maganin da Ingila ta yi wa masu nutso shi ne irin wanda fatakenmu suka yi wa 'yan fashi a hanyar Gwanja, watau tafiya cikin ayari. Jirage su taru a Firitawun, a ba su madugu da jiragen yaƙi 'yan rakiya, su kama hanyar Libaful tare. Duk da haka ayari ba ya hana ɓarna. A daren 30 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu 1943 mai nutso guda ɗaya, U-515, ya nutsar da jirage bakwai daga ayarin da ya taso daga Takoradi za shi Firitawun. Shi kamfanin Elder Dempster ya yi hasarar jirage fiye da ashirin a yaƙin. An nutsar da Accra ran 26 ga Yuli 1940. Jirgin sama ya jefa wa Apapa bom ran 15 ga Nuwamba na shekarar nan, yamma da Ayalan. Mafi muni shi ne na Abosso, wanda ya taso daga Keftawun za shi Libaful shi kaɗai ba rakiya, aka harbe shi ran 29 ga Oktoba 1942. Mutum 393 ne a ciki, 31 kaɗai suka tsira.

Ga wani abu kuma da ya kan ba ɗalibaina haushi in na faɗa musu. Kafin watan Mayu 1941, ran da jirgi ya nutse ran nan albashin ma'aikacinsa ya ke tsayawa, ko da yana cikin kwale-kwale tsakiyar teku yana jiran mai ceto. A idon doka jirgi ya tafi, aiki ya ƙare. Baƙin mutum kuma ba ya samun abin da Bature mai irin aikinsa ke samu, har cikin 1940 'yan Afirka ma'aikatan Accra da Abosso suka yi yaji a Libaful suna neman ƙari. A birnin nan akwai wani fasto mutumin Kalaba, Daniels Ekarte, wanda ya buɗe gidan mishan cikin 1931, nan ne baƙaƙen ma'aikatan jirgi da yawa su kan sami abinci da wurin kwana in duniya ta juya musu baya.

To, mu komo ga New Columbia. Da zarar an sami sunan jirgi sauran aiki ya yi sauƙi, gama an tattara labarin kusan ko wane jirgi da masu nutso suka harba, daga takardun Ingila da na Jamus, ana kuma samunsa a intanet. Jirgin nan ya taso daga Libarbil ta ƙasar Gabon za shi Ikko, shi kaɗai. Ran 31 ga Oktoba 1943 mai nutso U-68 ya harbe shi ya nutse, a tekun da ke gaban ƙasarmu. Mutanen ciki suka sauka cikin ƙananan kwale-kwale, wani jirgi ya tsince su ya kai su Ikko. Ba wanda ya mutu.

Yanzu sai a ɗora labarin gida bisa wannan a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Jirgi ya nutse ƙarshen Oktoba, an kai mutanensa Ikko, takardar kaka kuwa a Ikko aka buga mata hatimi cikin Nuwamba. Wannan ya ishe ni shaida. Mutumin nan bai yi ƙarya ba, kuma tsofaffin sojan da suka yi masa gori sun zalunce shi, ko da shi ke ban ga laifinsu ƙwarai ba, gama su abin da suka sani yaƙi shi ne kaki da bindiga. Amma labarin gida ma ya yi ƙari. Ba kusa da Ingila ba ne, kusa da gida ne. Ba ɗaruruwa suka mutu ba, ba shi kaɗai ya fita ba. A ganina labarin Abosso ne ya shigo cikin nasa. Kamfani ɗaya ne, wata ɗaya ne, shekara guda ce tsakani, kuma babu ma'aikacin jirgi a Ikko da bai ji shi ba. Mutum ya ba 'ya'yansa labari biyu, abin da ya same shi da abin da ya sami abokan aikinsa, jikoki su haɗe su su zama ɗaya. Wannan ba ƙarya ba ce, halin baki ne. Aikin mai tarihi shi ne ya tsefe su ya mai da ko wanne gurbinsa, ba ya zubar da duka don ya kama kuskure guda ba.

Takarda ma tana da nata gurguntaka. Ba ta san ƙunar da ke hannun kaka daga wuyan hannu zuwa gwiwa ba. Ba ta san kunnensa na hagu ya toshe ba. Ba ta san tun da ya komo bai yarda ya je kusa da inda ruwa ke zuba a Matsirga ba, wai ƙarar tana tayar masa da hankali. Waɗannan a bakin gwaggo kaɗai su ke. Da na gaya mata abin da na samu ba ta damu da kwanan wata ba. Cewa ta yi, "Ashe dai da gaske jirgin ya nutse." Sa'an nan ta ce in je in faɗa wa ƙannenta da bakina.

Akwai abin lura guda. Wanda ya mutu ya fi wanda ya tsira sauƙin samu. A Landan, a wurin da a ke kira Tower Hill, akwai bangon tunawa da ma'aikatan jiragen fatauci waɗanda ba su da kabari sai teku. Sarauniya Elizabeth ta buɗe sashen yaƙi na biyu cikin 1955, yana ɗauke da suna kusan 24,000. An kuwa jera su ne jirgi-jirgi, sunan jirgi a sama, mutanensa a ƙarƙashi, abin da ya ƙara tabbatar da maganata ta ɗazu. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwel ta sa sunayen nan a intanet, ana dubawa kyauta. In naku bai komo ba, ku fara daga nan, ku gwada dukan sunayensa. In ya komo kamar nawa, ba za ku gan shi a bango ba, sai ku nufi takardun jirgi.

Takardun nan suna babbar ma'ajiyar gwamnatin Ingila a unguwar Kew. An kasa su aji-aji, ko wane aji da lambarsa, in za ka rubuta musu ko ka roƙi wani ɗan'uwa da ke karatu can ya duba maka, sai ka ambaci lambar. Ajin BT 389 katuna ne na tafiye-tafiyen ko wane jirgi daga 1939 zuwa 1946, tashar da ya bari da wadda ya nufa da ranakun, an jera su da sunan jirgi. Ajin BT 381 shi ne jerin ma'aikata da yarjejeniyoyi da littattafan jirgi na shekarun nan, amma shi da lambar rajistar jirgi aka jera shi, ba da suna ba. Lambar nan a kan same ta a littafin rajistar jirage na Lloyd's, wanda a kan buga ko wace shekara. Kada a raina ta, gama kamfani ya kan mai da sunan jirgin da ya nutse a kan sabo. Akwai Apapa na 1927 wanda aka nutsar, akwai kuma Apapa na 1948, wanda ya yi ta jigila bayan yaƙi. Tsoho ya ce maka ya yi aiki a Apapa, sai ka tambaye shi wanne. Ajin BT 382 kuwa takardar aikin mutum ɗaya-ɗaya ce tun daga 1941, amma ya fi amfani ga waɗanda aka yi wa rajista a Ingila. Takardun kamfanin Elder Dempster kansa, wanda ya daina aiki cikin 1989, suna hannun gidan tarihin jiragen ruwa na Libaful.

Namu na gida ma ba a bar su a baya ba. Dokta Kenneth Dike shi ya kafa ma'ajiyar takardun Nijeriya a Ibadan cikin 1954, daga baya aka yi rassa a Inugu da Kaduna. Abin da ya shafi tashar Ikko Ibadan za a nufa. A Kaduna ba za ka sami jerin ma'aikatan jirgi ba, amma za ka sami duniyar da mutuminka ya bari ya kuma tarar, watau rahotannin Razdan da Di'o na shekara-shekara, da batun haraji, da ɗaukar soja, da ɗiban gwamna. Sai dai a lura, a zamanin yaƙi ƙasar Jema'a tana cikin Lardin Filato, Zangon Katab kuwa tana cikin Lardin Zazzau. Ƙauyuka biyu da ke kallon juna yau, takardun ɗaya suna cikin fayilolin Jos, na ɗayan suna cikin na Zariya. Wanda ya je da taswirar Jihar Kaduna ta yanzu a kansa zai nemi rabin abinsa a inda ba ya nan.

Saura tambayar tsofaffin soja, ina lambarsa? Ita ma tana da amsa. Ma'aikacin jirgin fatauci da ya cika wa'adin da aka yanka a teku ya cancanci lambobin yaƙi, irin su Tauraron 1939 zuwa 1945 da Tauraron Atlantika. Amma ba a aika wa kowa da su ba. Sai mutum ya rubuta da kansa ya nema, ya kawo shaidar jiragen da ya yi wa aiki, sunayen waɗanda aka ba kuwa suna ajin BT 395. Soja yana da hafsa da akawun bataliya masu cika masa takarda. Fayaman da aka sallama a Ikko ya hau jirgin ƙasa ya sauka Kafanchan ya kama fartanya, wa zai gaya masa akwai abin nema, balle ya san inda zai aika wasiƙa?

Na mai da wa gwaggo takardarta bayan na ɗauki hotonta gaba da baya. Na shimfiɗa ta ba ninki tsakanin farar takarda biyu, na hana a liƙa mata salatif ko a kai ta a manne ta cikin roba mai zafi, don abubuwan nan biyu su kan cinye tawada, kuma ba su ɓaruwa sai da fatar takarda. Ɗaliban ajina na tarihi kuwa, aikinsu na hutun nan shi ne ko wanne ya komo da abu uku daga gidansu ko maƙwabta: dukan sunayen wani da ya bar gida zamanin yaƙin Hitila, ko soja ya tafi ko kuza ko teku, da turke guda da aka ɗaure tafiyarsa a jiki, da baƙuwar kalma ɗaya rubuce yadda tsoho ya faɗe ta. Za mu karanta su a aji cikin makon fari.